Ƙaddamar da Littafi Tsakanin Kano da Zangon Kwatano

Ƙaddamar da littafi, wato bikin da marubuci ke shiryawa domin gabatar da sabon aikinsa ga jama'a, al'ada ce da ta yi ƙarfi a Kano tun bunƙasar littattafan soyayya a shekarun 1990, kuma ginshiƙinta shi ne babban mai ƙaddamarwa, attajirin da ke sayen kwafi ɗaya da kuɗin da zai isa a sake buga littafin baki ɗaya, alhali ba a taɓa jin an tambaye shi abin da ke shafi na biyu ba. Mai sharhi yakan yi awa guda yana yabon mahaifin marubucin, kafin a ba marubucin kansa minti biyar ya karanta sakin layi ɗaya, daidai lokacin da ake rabon lemo.

A Kwatano, birnin marubuci Florent Couao-Zotti, wanda ya ci kyautar Ahmadou Kourouma a 2010, tsarin Faransanci ya fi tsumulmula, domin marubuci yakan zauna bayan tebur yana sa hannu a kwafin da kowa ya biya da aljihunsa. Bahaushen Zangon Kwatano da ya rubuta littafi ya faɗa tsakanin al'adun biyu: baƙonsa na Kano zai yi alƙawarin miliyan da naira, 'yan canji su mayar da ita sefa ta ƙanƙance, wannan ma idan alƙawarin ya samu tsallake iyakar Seme.