Yadda Ake Sallamar Bulumboti Ba Tare da An Tara Unguwa Ba

Idan kika ji yaro ya tsanyara ihu da tsakar dare a unguwar Limawa ta Dutse, har ki rantse ana jiyo shi a Garu, kada ki yi saurin cewa kunama ce. Sau da yawa bulumbotinsa aka ɓoye rana ɗaya babu sanarwa, shi kuma ya ɗaukaka ƙara. Baƙon da ya kwana wata da watanni a gida ba a korarsa da tsintsiya, rakiya ake yi masa har bakin zaure. To, 'yar'uwa, zo mu raka shi.

Ki fara sanin cewa kofi ba sabon abu ba ne a wurinmu. Da ƙoƙo da ludayi da moɗa aka raini iyayenmu, bulumboti ne ya zo daga baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata 6, ko ruwa ba a haɗawa, sannan a fara abinci ana ci gaba da shayarwa har shekara 2, adadin da muka riga muka sani daga Suratul Baƙara. Daga wata 6 ɗin nan yaro zai iya fara kurɓa a kofi, kuma wanda ya tashi daga nono ya wuce kofi kai tsaye ya hutar da uwarsa. Wanda ya riga ya saba da roba kuwa, likitocin yara suna so a raba su tsakanin wata 12 zuwa 18.

Me ya yi zafi? Ki ɗaga robar nan a rana ki leƙa cikinta. Akwai lungunan da soso ba ya kaiwa, nan madara take maƙalewa, kuma kin san zafin Dutse a watan Afrilu, duwatsun nan sun sha rana suna huci har bayan isha'i. Kafin la'asar abin da ya rage ya yi tsami, ƙuda ya kai ziyara, sai zawo. Kofi kuwa kina wanke shi da sabulu kina ganin gindinsa da idonki. Ga kuma haƙora: yaron da yake barci da madara mai sukari a baki, haƙoransa na gaba su ne suke biyan bashin.

Ki nemi ɗan ƙaramin kofi na roba wanda hannunsa zai iya riƙewa, mai launi, a ce wannan na mai gida ne, kowa ya kiyaye. Ki shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ki tuɓe masa rigar sallah, domin ranar farko kashi uku za a yi: ɗaya na ciki, ɗaya na ƙirji, ɗaya na kaji. Ki zaunar da shi a cinya yana miƙe, ki zuba kamar cokali biyu kawai, ki karkata kofin har ruwan ya taɓa leɓensa, ki tsaya. Shi zai kurɓa da kansa. Zai yamutsa fuska, ya dube ki kamar kin ci amanarsa, ya sa hannu a ciki ya dama, ya kife sauran a ƙafarki. Ki tafa masa. Karatu ya fara.

A nan ina roƙonki da babbar murya: ban da ɗura. Kwantar da yaro a toshe masa hanci a kwarara masa kunu yana iya tura kunun cikin huhu, kuma yara suna mutuwa ta wannan hanya. Ko wace ce ta ce haka aka yi mata, ki ba ta haƙuri cikin ladabi ki ɗauke ɗanki.

Malamin da ya fi kowa iya wannan darasi yayansa ne ɗan shekara huɗu. Ki zaunar da yayan a gaban yaron ya sha kunu yana santi, ya ajiye kofi ya ce "ahh". Kishi zai ƙarasa miki aikin. A maƙwabtanmu na ga yarinyar da ta yi sati tana ture kofi, ranar da ta ga yayarta tana sha da shi sai ta rarrafo ta fizge, ta shanye, ta riƙe shi gam har barci ya kwashe ta.

Sai ragi. Ki cire bulumbotin rana tukuna, bayan 'yan kwanaki na safe, na dare shi ne ƙarshe domin shi ne aminin barci. A maimakonsa a sha a kofi tun kafin a kwanta, a goge haƙora, sai goyo da jijjiga. Mu mutanen Dutse ai ba a koya mana dafa dutse, balle dare uku na rigima. Idan yana zazzaɓi, ko haƙori yana fitowa, ko kuna shirin tafiya biki Kano, ki ɗaga shirin zuwa wani satin.

Abin zubawa: nonon da kika tatsa, tafasasshen ruwa da ya huce, kunun gero da gyaɗa da waken suya. Ban da zuma kafin shekara 1, madarar shanu ma ba ta zama abin shansa na kullum sai ya cika shekara. Shayi da lemon kwalba a bar wa baƙi. In zawo ya zo, ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinc, sannan asibiti.

Saura babbar jami'ar fasa-ƙwauri, wato kakarsa. Kuka ɗaya zai yi ki ji ta daga ɗaki: "Wa ya taɓa min angona? Ku miƙo min robar nan!" Kada ki ja da ita, ki ba ta muƙami. Ki durƙusa ki ce, "Inna, ai ya ƙi karɓa a hannun kowa, ko za ki gwada mana?" Za ta gyara zama, ta ɗora shi a cinya, ta yi masa kirari, kafin Juma'a ta zagayo duk wanda ya shigo gidan sai ya ji labarin yadda angonta yake shan kunu a kofi kamar wani alhaji. Bulumbotin kuma ki wanke shi, ki cire robar ki yar, ki zuba maɓallai da allura a ciki.