Dogon Bakin Kamara da Rashin Kunyar Tsuntsaye

Duk wanda ya sayi sabon gilashin kamara mai zuƙo nesa, irin mai kai milimita 600, gani yake daga ranar tsuntsayen duniya sun shiga hannu. Idan mutumin wajen Birnin Gwari ne, ga Gandun Dajin Kamuku a kusa, wanda ya zama gandun ƙasa a 1999. Sai dai a halin rashin tsaro da dajin yake ciki, mai hankali ba ya saɓa dogon baƙin ƙarfe a kafaɗa ya ce wai balbela yake nema. Kafin ya gama bayani an gama fahimtarsa.

Don haka sai a niƙi gari zuwa dausayin Haɗeja da Nguru, a sauka Dagona a Jihar Yobe. Can ne tsuntsayen Turai ke zuwa cin hunturu, ba biza, ba fasfo, su cakuɗu da ɗinya da kirinjijiya.

Nan fa ake gane abin da mai shago bai faɗa ba. Gilashin yana ƙara girman tsuntsu, yana kuma ƙara girman rawar hannu. Numfashi ɗaya, hoto ya zama kunu. Zalɓe zai yi tsayuwar dogari har ka gaji da saiti, kana danna maɓalli ya tashi.

Da yamma a duba hotuna: kachalla, ruwa, wutsiyar wani abu. Masunta kuwa, da suke ganin tsuntsayen nan kullum kyauta, sai su ce, "Malam, Allah ya mayar da kuɗin."