Karen Alhaji Ba Ya Jin Hausa

Ran Talatar nan na kai wayata gyara kasuwar Bilak, a Ajame. Ina tsaye cikin cunkoso, hannu ɗaya a kan aljihu kamar kowane mai hankali, sai na ji ana hura mini iska mai ɗumi a ƙugu. Ko da na waiwaya, kare ne kamar maraƙi, ya jawo wani dattijo Ba'adare da sarƙa tun daga bakin titi. Mai shagon, wani Alhaji da shekaru kaɗan baya yake tallan caja a faranti, ya leƙo yana murmushi: "Kada ka damu, Malam, yaro ne, watansa tara."

Kun dai san su. Waya ta yi kasuwa, sai mota, sai ƙarin aure, yanzu kuma sai kare. Wannan ya sayo Boerboel na Afirka ta Kudu, wancan Cane Corso na Italiya. Na Alhaji kuwa ɗan tsaunukan Kafkas ne, Allah ya halicce shi da bargonsa don ya kwana cikin ƙanƙara yana tsare tumaki daga kyarkeci. An ɗauko shi an dire a Abijan, garin da mutum ke wanka yana gumi. Namijinsu in ya cika yakan haura kilo 50, kuma ba ya gama girma sai ya doshi shekara 2. Wato abin da ya shinshine ni ko rabin aikinsa bai yi ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wai karen ba ya jin Hausa. An biya wani mai horar da karnuka daga Kokodi ya koyar da shi da Faransanci. Saboda haka dattijon nan, Baba mai gadi, wanda ya tsufa a Tireshbil yana ciniki da Julanci da nunin yatsa, wanda jami'an kan iyaka suka kasa sa shi ya furta kalma guda ta Nasara, yau ga shi tsakiyar kasuwa yana ihu: "Asi! Asi!" Kare ya dube shi ya yi hamma. "Kushe!" Kare ya sa kai cikin kwalin iyafis ɗin maƙwabci. Alhaji ya ce laifin lafazi ne, Baba ba ya fitar da harafin ta hanci yadda ya kamata. Na ce to a sa Baba makarantar dare mana, ya yi jarrabawa, ya karɓo takardar shaida, kare ya duba ya sa hannu. In abin ya faskara a nemi tafinta, a riƙa tafiya su uku: kare a gaba, tafinta a tsakiya, Baba a baya yana salati. Ranar da ɓarawo ya haura katanga kuma sai a fara tambayarsa yaren da yake so a cije shi da shi.

Alhali ko ɗan Paris aka kawo, karen ba zai saurare shi ba. Daga wajen wata shida zuwa shekara ɗaya da rabi kare yana cikin tashen balaga, abin da ya iya jiya yau sai ya nuna bai taɓa ji ba. Maganinsa maimaici ne kullum, kaɗan-kaɗan, daga bakin mai shi. Mai shi kuwa sau ɗaya yake riƙe sarƙa, ranar ɗaukar hoton TikTok. Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa.

Sai batun ci. Likitan dabbobi ya ce a auna abinci, kada a ɗura masa ya yi saurin girma gaɓoɓinsa su lalace, a raba sau biyu a rana, kuma in ya ci a bar shi ya huta, don irin waɗannan manya cikinsu kan murɗe ya kashe su cikin 'yan sa'o'i. Duk gaskiya ne. Amma wa ya taɓa ce wa Baba ya huta bayan ya ci? Kare na ɗaki mai sanyi, dattijo na kan benci a bakin ƙofa sauro na rabonsa. Shi ke kwashe kashi, shi ke wanke butarsa sau bakwai in an lashe ta, shi ke canza riga kafin Azahar. Buhun abincin kare bai taɓa makara ba, amma albashin mai gadi kullum "sai kaya sun fito daga tashar jirgin ruwa". Wannan ba abin dariya ba ne, Alhaji, rashin kunya ne.

An ma ja wa Baba kunne kada ya kuskura ya ba karen ragowar garba, wato acheke da soyayyen kifi, domin albasa na lalata jinin kare, ƙayar kifi kuma na iya maƙale masa. Wace ragowa? Wa ke rage garba a zamanin nan? 'Yan'uwanmu na Nijar su suka raini sana'ar nan har abincin ya ɗauki sunan Garba, kuma a Disambar 2024 UNESCO ta sa acheke cikin kayan gadon duniya, muka yi ta murna. Amma ku dubi yankan kifin yanzu. In ka ɗaga shi sama kana iya hango masallacin Ajame ta cikinsa. Man suya ya yi baƙi ƙirin, ya ga gwamnatoci sun zo sun wuce. Ka ce a ƙara barkono, a watsa maka ƙwaya uku ana harararka, ka nemi tumatir a ce sai ka ƙara dala goma. Cokalin awon acheke ma na lura an sauya shi da ƙaninsa.

Don Allah masu garba na Ajame da Tireshbil, ku ji tsoron Allah ku ƙara kaurin kifi.