Ƙafarka Ba Geji Ba Ce, Alhaji

Tun ban buɗe baki ba na hango masu taɓe nasu. "Mu da muke loda wa ƙaramar mota buhuna daga Dawanau har Maraɗi, yau mu za a koya wa taya?" Sannunku da ƙoƙari, Kanawan Dabo. Zazzagawa kuma ku rage dariya, naku na nan tafe.

Da mutanenmu na Alƙahira nake, musamman wanda ya ga Misirawa suna jan 'yar tirelar kwana a bayan mota zuwa sahara, ya ce shi ma sai ya ɗana. Wasu Wadi Rayyan suke nufa a yankin Fayyum, wasu Wadil Hitan da UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2005, masu ƙarfin hali kuma su miƙa har Bahariyya, tafiyar kilomita kusan 370. A wannan hanya, in taya ta fashe, sai ka waiga gabas da yamma babu mai faci, babu ko inuwar da za ka zauna ka yi da-na-sani.

Na san awonka, Alhaji. Ka zagaya tirela, ka shuri taya da ƙafa, ka ji tauri, ka ce bismillah. To durƙusa ka karanta abin da ke rubuce a gefenta, ba zai rage maka girma ba. Bayan lambobin faɗi da na gargare akwai wata lamba haɗe da harafi, kamar 91H. Harafin na gudu ne, lambar ta kaya ce. 91 na nufin kilo 615, 95 kilo 690, 102 kuma kilo 850. Yanzu mu yi lissafi irin naku na 'yan kasuwa. A ce tirelar kilo 1,100 ce babu komai a ciki. Ka zuba jarka goma ta ruwa mai lita 20, kilo 200 ke nan. Ga tukunyar gas, ga janareta, ga darduma, ga kayan girkin Hajiya da ta rantse ba za ta bar ko ludayi ba. Ka kai 1,500. Tayoyi biyu masu lamba 91 iyakarsu 1,230. Ko ka cire ɗan abin da ƙugiyar mota ta ɗauke, ka ci bashin da ba ka da halin biya. Masu 102 guda biyu sun ba ka 1,700, har da rarar kusan kashi goma cikin ɗari da masana suke so a bari.

"To na sayi mai 102, sai me?" Sai iska, ranka ya daɗe. Ita ce take ɗaukar kayan, roba riƙe ta kawai take yi. Tayar 185 R14C mai lamba 102 ba ta cika kilo 850 ɗin nan sai an ba ta iska 65 a geji. Yaron mai faci kuwa ya saba da ƙananan motoci, hannunsa na kaiwa talatin da 'yan kai zai zare tiyo ya miƙo hannu. Taya mai ƙarancin iska gefenta yana ta lanƙwasa yana miƙewa a kowane juyi, ya ɗau zafi, har zaren ciki ya saki robar. Kuma da yake tirela ba ta haɗe da sitiyari, ba za ka ji komai a hannunka ba sai ta fara rawa a madubi.

Zazzagawa, ku matso, ku ne masu ilimi. Ku kuka ce tunda zafin bazara a Masar yana haura digiri 40, a rage wa taya iska kada ta fashe. Wannan fatawa a wane zaure aka karantar da ita? Gaskiya ne iska tana hawa idan taya ta yi gudu, amma masu ƙera ta sun san da haka, sun bar masa wuri. Wanda ya tsaya a hanya ya sace wannan ƙarin, ya mayar da kansa cikin matsalar da muka gama faɗa. Da sassafe ake auna iska, kafin a motsa. Wuri ɗaya ake rage ta da hujja: in an sauka daga kwalta an shiga rairayi, ana tafiya a hankali. Da an hau kwalta kuma a mayar, don haka famfo ya zama cikin kaya, ko da za a bar ludayin Hajiya.

Sai mai cewa tayarsa sabuwa ce fil, ko zanenta bai goge ba. Ina zai goge, tirelar tana ajiye a rana wata goma sha ɗaya a shekara? Nemi lambobi huɗu a gefe: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Ƙungiyoyin masu irin wannan tirela a Ingila suna cewa a canza bayan shekara biyar, kada ta wuce bakwai, su da ranarsu ba ta kai ta Alƙahira ƙarfi ba.

Kai kuma da kake murmushi kana cewa akwai safaya a but, je ka ƙirga ramukan kusoshinta ka gwada da na tirelar. Zan jira ka a nan.