Yadda Aka Raɗa Wa 'Yata Suna Ina Zaune

A littafin fiƙihu, haƙƙin uba ne ya raɗa wa abin da aka haifa masa suna. Haka Malam ya biya mana a makarantar dare, kuma ban taɓa musu ba. Sai dai littafin bai faɗi unguwar da ake samun irin wannan uban ba, don ni a Gyadi-Gyadi ban taɓa cin karo da shi ba.

'Ya'yana uku kafin wannan haihuwar: Hanan, Adnan da Jinan. Duk uwarsu ce ta zaɓa, ni aikina kai saƙo wurin liman. Dokarta ita ce duk sunan da zai shigo gidanmu sai ya ƙare da “an”, wai don su dace da juna. Amfanin da na ga tsarin ya yi shi ne, idan ta ƙwala kira daga kicin wutsiyar sunan kaɗai ke isowa falo, sai su ukun su yi lamo, kowa ya rantse ba shi ake nufi ba.

Ɗaya matsalar kuma ni ne. Sunana na yanka Musa, amma ranar Alhamis aka haife ni, kuma ranar da aka kai ni firamare malamin ya tambayi ɗan wane ne, aka ce Ɗanlami na gidan Tanko, ya dangwala Ɗanlami Tanko. Haka ya bi ni har katin ɗan ƙasa. Mu kuwa ba mu gaji sunan zuri'a irin na Turawa ba. Yaro sunan ubansa yake ɗauka, in ya girma ya ga dama ya liƙa na garinsu, yadda Malam Aminu Kano da Abubakar Rimi da Shehu Shagari suka yi. Ke nan duk gayun da aka zuba a gaba, Ɗanlami na nan a baya yana jira. Maman Hanan takan ce ita tana gini da tayil, ni ina zuwa ina rufewa da bunu. Na taɓa ba ta shawara mu koma sunan unguwa, a riƙa cewa Jinan Gyadi-Gyadi. Ranar a waje na ci tuwon dare. Sauya nawa sunan kuwa ba ya cikin lissafi: tun 2021 da JAMB ta ce ba rajista sai da lambar NIN, harafi ɗaya in ya saɓa tsakanin takardun yaro, sai uba ya san hanyar kotu da ta gidan jarida.

Ranar Alhamis da hantsi Maman Hanan ta sauka, mace. Ban gama hamdala ba aka miƙo mini takarda mai jerin abubuwan da zan sayo. Na bar Baffa Sule, ƙanin mahaifina, a kan benci yana jan carbi, na bi titin Zariya kemis-kemis. Da na dawo da ledoji niƙi-niƙi na tarar yana saka takalmi. Ya ce, “To Ɗanlami, an gama komai, Allah Ya raya.” Na ce amin, har ina jin daɗi a raina, na ɗauka kuɗin gado ya biya.

Da yamma na hau adaidaita sahu na tafi Tarauni in yi wa Hajiya, mahaifiyata, albishir, ko da yake labari ya riga ni. Hajiyata ba ta roƙo, wannan kowa ya shaida. Tana dai ba da labari. Ta ba ni labarin wata ƙawarta a Hotoro da ɗanta ya yi mata takwara har sau biyu, ga shi nan Allah sai buɗa masa yake yi, har ya sayi fili. Ta ba ni na wani kuma da ya sa wa 'yarsa sunan fim, shekara ba ta zagayo ba shagonsa ya ƙone. Sannan ta ce, “Ni dai ba ruwana, ku sa abin da kuke so. Mu ai mun tsufa, sunayenmu ma sun tsufa.”

Wanda bai san gidan Bahaushe ba zai ce ai abin mai sauƙi ne, a sa sunan uwa a huta. To ba a hutawa. Ranar da ka yi wa mahaifiyarka takwara, ka kawo sunan da ba mai iya furtawa a gidan. Ni ba zan faɗa ba, matata ba za ta kama sunan surukarta ba, balle ta ɗaga hannu ta maki mai sunan in ta yi ɓarna. Dole a nemo na alkunya: Ummi, Mami, Walida, Hajiya Ƙarama. A danginmu kuwa Ummi ta yi yawa har sai da aka koma rarrabe su da unguwa da launi, akwai Ummin Darmanawa, akwai Ummi Fara, akwai wata baiwar Allah da ake kira Ummi Ta Biyu har ta yi aure. Ga surukata ita ma ta tare a gidan don wankan jego, tana dama kunun kanwa tana ba da irin nata labaran. Ban san ƙawayen tsofaffi sun yi arzikin 'ya'ya masu biyayya haka ba sai a makon nan.

Mai jego kuwa tana kan gado da waya a hannu tana laluben suna. Iman dai ƙanwarta ta riga ta ɗauka. Afnan sunan 'yar maƙwabciyarmu ce, kuma ba sa ga maciji tun rigimar kwata. Ana cikin haka wata ƙawarta ta turo mata wani da ta tsinto a intanet, ta kira ni har murya na rawa.

“Abban Hanan, na samo. Niran. Faɗi ka ji. Hanan, Adnan, Jinan, Niran. Ko Ɗanlamin ma bai iya ɓata shi ba.”

Na faɗa na ji, kuma tsakani da Allah yana da daɗi a baki. Bayan Magariba na tsaya wurin Malam a masallacin layinmu, na durƙusa na ce, “Allah gafarta Malam, ga sunan da muke shawara.” Ya sa na maimaita. Ya cire tabarau ya goge da bakin rawani, ya mayar.

“Wa ya ba ka wannan?”

Na ce daga cikin gida ne.

“Ka san Jinan gidajen Aljanna ne?” Na ce na sani. “To wannan kishiyarsu ce. Wuta. Ba ma guda ɗaya ba, jam'i ne, wutace. Kana da Aljanna a ɗaki, za ka kawo mata wuta su kwana gado ɗaya?”

Ya ce me ya hana mu Asma'u, ga Nana Asma'u 'yar Shehu Ɗanfodiyo da ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta rasu tun 1864 amma har gobe ana sa wa makarantu sunanta. Na kai saƙon gida. Maman Hanan ta yi shiru, irin shirun da na san akwai magana a ƙarƙashinsa. Ashe tun da rana ƙanwarta ta je wurin masu ɗab'i ta buga sitika, an kuma sayo bokitan roba na rabon 'yan suna, yara sun zauna sun liƙe su tas. Na leƙa ɗakin baƙi na gan su jere har bakin taga, kowanne da fure ruwan hoda da rubutu ɓaro-ɓaro: Barka da zuwa Niran. Na sa farce zan ɓanɓare ɗaya, sai na gane a ƙasar nan akwai abin da har yanzu ake yi da inganci, shi ne gam.

Ragon kaɗai na saya ba tare da shawarar kowa ba, a 'Yan Awaki ta Unguwa Uku. Allah Ya saka wa Imamu Malik da alheri, a mazhabarsa rago ɗaya ne ko mace ko namiji.

Daren suna muka yi zaman sulhu. Aka tsaya a kan sunan Hajiya ya zama na yanka, a riƙa kiran yarinya Ihsan, wanda na sa Malam ya tantance tukuna. Surukata kuma na yi mata alkawarin ta gaba. Mai jego ta ɗago kai ta ce, “Wace ta gaba?” Na ce ai magana ce. Na kwanta ina jin kaina wani gwanin siyasa.

Da asuba aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka fito da goro da dabino da alawa. Jama'a sun cika layi. Liman ya karkato kunne wajena ya ce, “Wane suna?” Na gyara zama, na buɗe baki.

“Sunan Innarmu,” in ji Baffa Sule daga gefena, yana ɓare goro. “Ai tun ranar da ta faɗo na yi mata huɗuba. Kana can kana yawon kemis, unguwarzoma ta fito tana neman namiji. Ba na ce maka an gama komai ba?”

Liman tsohon ɗan unguwa ne, ya san Inna tun tana sayar da ƙuli-ƙuli. Bai nemi ƙarin bayani ba, ya ɗaga hannu ya ce Fatiha. Kafin in haɗiye yawu maroƙi ya zura kai zaure ya rangaɗa, “Sunan yarinya Rakiya! Allah Ya raya Rakiya!” Aka amsa da guɗa daga ciki, amma guɗa ɗaya ce tak, kuma na gane muryar, matar Baffa ce. A gaban jama'ar layi wa zai ce wa ƙanin ubansa a sake lale? Mahauci ma har ya kayar da ragon.

Rakiya kakata ce ta wajen uba, wato surukar Hajiya, wadda suka zauna gida ɗaya shekara da shekaru, kuma har yau in Hajiya na ba da labarin yadda ake auna mata gishirin miya, sai ta ce “mai ɗakin can, Allah Ya jiƙanta,” ta ja tsaki ƙasa-ƙasa. Da na shiga ciki na tarar an miƙa mata jaririyar. Ta daɗe tana kallonta. Ta ce, “Lallai kuwa. Ga hancin nan.” Sunan dai ba zai fito daga bakinta ba, surukarta ce. Ta tambaya wace rana aka haife ta, alhali ta sani. Aka ce Alhamis. Ta ce, “To, Lami. Allah Ya raya Lami.”

Wata daga cikin ƙawayen mai jego ta gwada a hankali, “Lami Ɗanlami.” Ɗakin ya fashe da dariya. Ta ce wallahi ba ta taɓa jin sunan da ya dace da na uba haka ba. Maman Hanan ta ja mayafi ta rufe fuska.

A takardar haihuwa Rakiya Ɗanlami Tanko aka rubuta. Uwarta na kiranta Ihsan, ita kaɗai. Hajiya da yara da mai kanti suna cewa Lami. Matan layi kuwa, da yake kowace ta tafi gida da bokiti, Niran suka sani, har aiko yara suke a gaida Maman Niran. Malam ma an kai masa nasa, ya cika shi da yashi ya ajiye kusa da janaretan masallaci.

Jiya na je Tarauni gaida Hajiya. Ta tambayi lafiyar Lami, ta tambaya ko mai jego ta yi arba'in, sannan ta gyara zama ta ce ko na ji ɗan ƙawarta na Hotoro an sake yi masa haihuwa.