Ai Na Faɗa! To, a Ina Ka Rubuta?

Kai nake nema, malam. E, kai ɗin nan da alƙalin wasa ba ya hura tashi sai ka miƙe kana kaɗe riga kana cewa, "Ai na faɗa!" Ranar 22 ga Nuwamban 2022, da Saudiyya ta doke Ajantina 2-1 a filin Lusail, ka faɗa. Da Jamus ta zazzaga wa Burazil bakwai a gabanta da 'yan gidanta a 2014, ka faɗa. Da Maroko ta sallami Sifaniya da Fotugal, ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta taka wasan kusa da na ƙarshe a Kofin Duniya, nan ma ka faɗa, sai dai ƙarar janareta ta hana duk gidan kallon ji. To, an samo maka magani. Sunansa jadawalin Excel, kuma shi janareta ba ya toshe masa kunne.

Abin ba wuya. Kafin a take wasa, kowa a majalisa ya faɗi yadda yake ganin za a tashi, a rubuta a layinsa. Wanda ya cinki sakamakon daidai, maki 3. Wanda ya gane mai nasara, ko ya gane canjaras za a yi, amma ya kuskure yawan ƙwallaye, maki 1. Wanda ya sha ƙasa gaba ɗaya, sai addu'a.

Ka ce wannan ai caca ce? Af, tun ba a fara ba har ka nemi fita ta ƙofar masallaci? Tsaya in ba ka haƙƙinka. In aka ce kowa ya zuba kuɗi, wanda ya cinka ya kwashe, to caca ce tsagwaronta, ko a Excel aka rubuta ko a bayan kwalin ashana, kuma babu fomular da za ta yi mata wankan tsarki. Wannan ba da ni ba. Namu ko sisi ba a ajiyewa. Abin da ake zubawa baki ne, abin da ake ci girma ne, wanda ya zo na ƙarshe kuma ya sha tsiya har gasa ta zagayo. Hisbah ba ta da aiki a nan. Dawo ka zauna.

Ka ce to me ya kai mu ga kwamfuta, littafi da biro sun mutu ne? Suna nan da ransu, Allah ya ja kwana. Amma ɗauko biron mu gani. Gasar Kofin Duniya ta Katar wasa 64 ce. In ku ashirin ne a majalisa, hasashe 1,280 ke nan, kowanne sai an gwada shi da sakamako, an ba shi maki, an tara, an sake jera sunaye, a matakin rukuni ma har wasa huɗu a yini ɗaya. Tsarin 2026 kuwa ƙasashe 48 ne, wasa 104. Ku ɗin dai ashirin, hasashe 2,080. Kai da in za a raba kuɗin shayi tsakanin mutum biyar sai an kira mai shago ya raba gardama? Tun 1979 Dan Bricklin da Bob Frankston suka fito da VisiCalc, kakan su Excel, don irin wannan wahalar: ka canza lamba ɗaya, duk lissafin da ya rataya a kanta ya gyara kansa. Su akantoci suka nufa. Ba su san gidan kallo ne zai fi cin moriya ba.

Ba ka da kwamfuta? Wannan wayar da kake zagin koci da ita har ƙarfe biyun dare tana buɗe Google Sheets. Mutum ɗaya ma ya isa ya riƙe jadawalin, ya riƙa ɗaukar hoton teburi yana jefawa a zauren WhatsApp. Kawo wata.

Ka ce na'ura ai ba ta san ƙwallo ba? Yawwa, a nan ka yi gaskiya, fiye ma da yadda kake zato. Buɗe Excel ka rubuta 2-1 a gida ɗaya ka gani. Nan take zai mayar maka da shi kwanan wata: ko 2 ga Janairu, ko 1 ga Fabrairu, gwargwadon ƙasar da aka saita na'urar. Wato a wurinsa, kashin da Burazil ta sha, 7-1 ɗin nan da ya sa manyan maza kuka a Belo Horizonte, wata rana ce kawai cikin hunturu ko damina. Ka nemi ya yi lissafi da ita kuwa, sai ya miƙo maka lamba sama da 40,000, domin a cikinsa kowace rana lamba ce da aka ƙirgo tun daga 1900. Kada ka ji haushi, ba kai kaɗai ya raina ba. Masana ƙwayoyin halitta sun sha fama da shi yana mayar musu da MARCH1 da SEPT1 ranakun Maris da Satumba, har a 2020 suka haƙura suka sauya sunayen. Manyan farfesoshi sun ba Excel hanya, kai ne za ka ja da shi? Raba sakamakon gida biyu, 2 a nan, 1 a can, a zauna lafiya.

Da zarar ka raba, sauran fomula ɗaya ce. Ta fara tambaya: lambobin nan biyu sun yi daidai da na sakamako? In e, 3. In a'a, ta ɗebe ƙwallayen wannan daga na wancan, ta miƙa wa wani ɗan aike mai suna SIGN, wanda amsa uku kacal ya sani a duniya: 1, 0, ko -1. In amsar hasashenka ta zo ɗaya da ta sakamako, ka gane inda wasa ya karkata, ga makinka ɗaya. Rubuta ta sau ɗaya, ja ta ƙasa, ta yi wa mutum ashirin hukunci ba sani ba sabo.

Sai dai akwai wani rami da ya fi na kwanan wata zurfi, kuma na san irinka ne zai fara gano shi. Excel yana ɗaukar gidan da ba a rubuta komai ba a matsayin sifili. Ka ga inda aka dosa? Malalacin da ya yi barci bai aiko da hasashe ba, a idon fomula ya ce 0-0 ne. Ranar da Maroko da Sifaniya suka tashi babu ci, da ya farka ya tarar da maki 3 a ƙarƙashin matashinsa. Haka wanda ya rubuta 0-0 a wasan jibi, tun yau za a ba shi ladansa, don gidan sakamakon ma fanko ne. Saboda haka a koya wa fomula ladabi: kafin komai ta ƙirga da COUNT ko lambobi huɗun nan sun cika, in ba su cika ba ta kama bakinta. Ga shi na toshe tun kafin ka shiga. Na ga fuskarka ta canza.

Ka ce duk da haka za a yi rigima? Za a yi mana, mu da ƙwallo! Amma duba da kyau, ba lissafi ne ke jawo ta ba, dokar da ba a yanke tun farko ba ce. Ɗauki wasan ƙarshe na 2022. Minti 90, Ajantina da Faransa 2-2. Bayan ƙarin lokaci, 3-3. Bugun fenariti, 4-2. Mutum uku za su taso maka, kowanne da hujjarsa a hannu, kuma kowanne yana da gaskiya, in dai ba a rubuta a saman jadawali tun ranar farko cewa sakamakon minti 90 ake nufi ba. Haka in mutum biyu suka yi kunnen doki a saman teburi. Kada ka ce a raba girma biyu, girma ba ƙosai ba ne. A 2018 Sanagal da Japan sun zo daidai a maki, daidai a ƙwallayen da suka ci da waɗanda aka ci su, wasan da ke tsakaninsu ma 2-2. Me ya raba? Katin gargaɗi. Sanagal shida, Japan huɗu, Sanagal ta kama hanyar gida. Ya yi ciwo, amma dokar tana rubuce tun kafin a take. Ku ma ku rubuta taku: wanda ya fi yawan cinka daidai shi ne gaba.

Yanzu za ka ce kai gwani ne, a bar ka ka cike gasar gaba ɗaya tun daga rukuni har ɗaukar kofi. Sannu, boka. A Kofin Afirka ƙasashe huɗu daga cikin shida da suka zo na uku suna tsallakewa, kuma hanyoyin da hakan zai iya faɗowa 15 ne, kowace da nata tsarin wa zai gamu da wa. A tsarin Kofin Duniya na 2026, takwas ne daga cikin goma sha biyu: hanyoyi 495. Mai riƙe da jadawali ma ɗan wani ne, a tausaya masa, a bi gasa zagaye-zagaye. Kuma wane gwani ne ya hango abin da ya faru a Kofin Afirka na farkon 2024? Kwaddibuwa mai masaukin baƙi ta sha 4-0 a hannun Ikwatoriyal Gini, ta sallami kocinta Jean-Louis Gasset ana tsakiyar gasa, ta raɓe a kujerar ƙarshe ta 'yan na uku albarkacin Maroko da ta ci Zambiya 1-0. Ran 11 ga Fabrairu kuma, a wasan ƙarshe tsakaninmu da ita, bayan namu Troost-Ekong ya sa mun fara gyara makogwaro, Kessié da Haller suka ƙwace kofin a gabanmu. Wannan ma ka faɗa ko? Kada ka amsa, har yanzu wurin bai warke ba.

To, ga ta ƙarshe, wadda tun ɗazu kake ta kewaye-kewaye ba ka furta ba: in mai jadawalin ya yi maguɗi fa? Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Amma tambaya ce mai kyau, kuma tana da amsa. A karɓi hasashe ta Google Forms, wanda ke manna wa kowane saƙo ranarsa da sa'arsa, har daƙiƙa. An take wasa, an rufe ƙofa. Labarin "netwok ne ya riƙe" a kai shi gaba. Shi mai jadawalin ya fara fitar da nasa hasashen a bainar jama'a kafin ya ga na kowa. In kuma hannunsa ya yi ƙaiƙayi da tsakar dare, Google Sheets yana ajiye tarihin kowane gyara, da wanda ya yi, da lokacin da ya yi.

Saura baƙo ɗaya da nake so a ba wa layi. Ba mutum ba ne, mu kira shi Mutum-mutumi. Bai taɓa kallon wasa ba, bai san Messi dogo ne ko gajere ba. Aikinsa ɗaya: kowane wasa ya duba jerin FIFA, ya ba ƙasar da ke sama 1-0. Ba shi da ƙungiya, ba ya jin haushin kowa, ba ya rubuta 4-0 don matarsa ta yi masa tuwo mai daɗi. Kuma 1-0, da 2-1, da 1-1 su ne irin sakamakon da ƙwallo ta fi haifarwa, ba ruwan ƙwallayen da kake mafarki ba. Zai faɗi ranar Saudiyya, zai faɗi ranar da Vincent Aboubakar ya ci Burazil ya tuɓe riga ya karɓi jan kati yana murmushi. Amma kai ma ai ka faɗi a ranakun, duk da ka faɗa.

Ka ce kai za a haɗa da abin korar tsuntsaye? A'a, yallaɓai, wa ya isa! Gwadawa kawai za a yi. Aiko da naka kafin ƙarfe biyar, lamba biyu, kowace a gidanta. Layinka na nan daf da nasa, don kada ka sha wahalar ɗaga kai in kana neman sa.