Sarautar Barcin Bayan Asuba

Ɗan yayata mai karatun likitanci ne ya jawo mini. Wai mutum zai iya farga cewa mafarki yake alhali yana sharar barci, har ya riƙe linzamin mafarkin ya juya shi yadda ya ga dama. Na ce kai dai da zancen 'yan boko. Ya ce, "Kawu, ai tun 1913 wani likita ɗan Holan, Frederik van Eeden, ya yi rubutu a kai." Ya ƙara da cewa a 1975, a Jami'ar Hull ta Ingila, Keith Hearne ya jona wa wani mutum na'urori, mutumin ya yi masa ishara da ƙwayar ido, hagu da dama, daga can cikin mafarki. A zangon barcin da ake mafarki gaɓɓai a sake suke, ido kuwa yana ta yawo.

Dabarar wai ka saba gwada kanka da rana, har sabon ya bi ka cikin barci. Gwajin farko, ka danna makunnin lantarki, in fitila ta ƙi kamawa to mafarki kake. Wanda ya ƙirƙiro wannan bai taɓa kwana a unguwarmu ba, don bisa lissafinsa tun bara muke mafarki. Na biyu, ka toshe hanci ka ja numfashi, in iska ta shiga barci kake. Na gwada shi a majalisa bayan la'asar, daidai lokacin da wani dattijo ya cire takalminsa ya zauna kusa da ni. Har yau ba ya amsa gaisuwata da kyau.

A barcin bayan sallar asuba abin ya kama, kuma yaron ya ce da ma goshin safiya mafarki ya fi tsawo. Sai ga mai gidan da nake haya ya yi sallama, fuska a sake, ya ce ya yafe mini kuɗin bana, ga kuma buhun shinkafa. Ban buƙaci wani gwaji ba. Na ce yau sai sama! Na buɗe hannuwa na yi tashin kaza, iyakata kan katanga, babbar rigata ta sarƙe a igiyar shanya, murna ta tashe ni.

Da na sake samun dama sai na ce a kawo mini gasasshen rago. Aka turo malaminmu na lissafi na aji uku, a kan raƙumi, dorina a hannun dama, littafin bashin mai kantin layinmu a hagu. Na daure na ce, "Malam, mafarkina ne fa, ni ke da iko a nan." Ya leƙo daga kan tozo ya ce, "Madalla. A nan ɗin za ka biya."

Na yunƙura in farka, ido ya buɗe, jiki ya ce bai san zancen ba. Ina ganin fankar sama da labulen taga, ina jin zakaran maƙwabta, amma ko ɗan yatsa ya ƙi ɗaguwa, ga wani nauyi ya zauna mini a ƙirji. Dannau ke nan. Likitoci sun ce ƙwaƙwalwa ce ta riga jiki farkawa, kakata kuwa ta ce aljani ne. A wannan lokacin bayanin kakata ya fi shiga kaina.

Yana sakina na yi abin da aka koya mana tun muna yara, na nemi tsari na juya hagu na yi tofi sau uku. A hagun ɗin kuwa matata Maman Ummi take kwance.

Ta tashi zaune tana goge kunci da bakin zane. "Baban Ummi, lafiya?"

Na fara yi mata bayanin raƙumi da likitan Holan da Jami'ar Hull. Ta saurare ni tsaf har na gama, sannan ta naɗe tabarma ta ɗora mini filo a kai.

"Ga zaure can. Ka kwanta bango na hagunka, ku ƙarasa binciken tare."